Badukun da Ya Ƙi Yanka Gwanda

Idan aka idar da sallar asuba a Rijiyar Ɗan Iya, Baba Dabo ba ya komawa ɗaki. Yakan hau kekensa na hannu, wanda yake tuƙawa tun yana saurayi saboda shan-inna da ya taɓa masa ƙafa, ya gangara gindin darbejiyar da ke bakin filin gari. Nan rumfarsa take. Sai ya shimfiɗa buzu, ya jera basilla da wuƙa da zare, ya ajiye famfon iska a hannunsa na dama. Kafin hantsi ya dubi ludayi masu tsinkakken takalmi sun zo sun tafi, haka masu kuben wuƙa da masu jakar fata. Da wannan yake ciyar da gida. Amma aikin da garin ya san shi da shi sai bayan la'asar yake farawa, lokacin da samari suka fito fili, ƙwallo ta fara cin duka.

Duk ƙwallon da aka buga a garin nan tun da aka daina tamaula, ta bi ta hannunsa. Ƙaya ta huda ta, shi ne. Ɗinki ya saki ana tsakiyar wasa, a tsaya, a miƙo masa, 'yan wasa su zube a ƙasa suna haki har ya gama. Bai taɓa buga ta ba ko sau ɗaya. Bai kuma taɓa fashin kallo ba, sai ranar da aka yi rasuwa a gidansu.

A kakar bana ya ajiye basilla, domin yanar ido ta rufe masa gani, zare ya daina shiga kafa. Shi ya sa na ga ya dace a rubuta wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa. Na daɗe ina zama a gefen buzunsa. Abin da zan faɗa, wani na gani, wani kuma waɗanda aka yi a gabansu ne suka ba ni.

A lokacin da gidan kallo ke ci a garinmu, samari sun rabu gida-gida a kan ƙungiyoyin Turai. Wa da ƙani sai su yi gaba saboda wasan da aka buga a ƙasar da ba wanda ya san hanyarta. Sukan zo rumfarsa su ƙarasa musun, kowa yana son ya ja shi ɓangarensa.

"Baba Dabo, kai dai faɗa mana, wa kake goyon baya?"

"Ƙwallon," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Ita kaɗai ce kowa ke duka, ba mai rama mata."

Inna Kaltume, taubashiyarsa, wadda ke soya awara a bakin filin, ba ta barin irin wannan ta wuce. "Ku rabu da shi. So yake ta fashe ya sami aiki. Na taɓa kama shi yana yi wa ƙaya addu'a."

"Ke kuma so kike a sha kaye," in ji shi, "don wanda aka ci shi ne ke huce haushi a kan awara."

Sai an san filin nan kafin a gane abin da ya yi. A ƙasarmu ta arewacin Kano ba a barin fili. Gona tana ƙarewa wata na farawa, gamba ce kawai a tsakani. Gado ya yi ta raba gonaki har wani abin da ya samu bai fi ya ɗaure akuya ba. A tsakiyar wannan matsi filin gari yake, shimfiɗeɗe, ba kunya ko ɗaya a cikinsa. Kakanni ne suka bar shi don dambe da kokawa bayan girbi, suka kuma bar magana a kansa, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya haddace: muddin ana wasa a kai, garma ba ta shiga. Da ƙwallo ta zo ta gaji dambe, ta gaji maganar.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Man fetur ya yi tsada, gidan kallo ya kashe janareta ya rufe ƙofa. Taki ya gagari mutane. Waɗanda suka tafi birni nema suka fara dawowa da iyalansu, ba su da ko taƙin ƙasa. Cikinsu akwai Khalilu, wanda ya yi shekaru yana tuƙa a-daidaita-sahu a Kano, mai ita ya karɓe abarsa, ya dawo da mata da yara ɗakin mahaifiyarsa.

A wannan rani ne ƙwallon garin ta ƙarshe ta mutu. Baba Dabo ya yi mata faci har facin ya fi fatar asali yawa, daga baya robar ciki ta dare ta inda ba ta liƙuwa. Sabo, kyaftin ɗin samari, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya zagaya neman a haɗa a sayi sabuwa. Ba wanda ya zage shi, amma ba wanda ya iya. Mutumin da ke auna tsaba da kofi ba ka ce masa ƙwallo. Fili ya yi shiru, awaki suka mai da shi wurin kwanciya.

Ran wata Juma'a, a ƙofar gidan Mai Unguwa Sule, Khalilu ya ɗaga maganar a gaban dattawa.

"Ranka ya daɗe, an ce muddin ana wasa. To, ina wasan? Awaki ne ke yi? Yarana jiya da rama suka kwana."

Mai Unguwa shi kansa tsohon ɗan dambe ne, a filin nan ya karya hanci. Ya ce, "Maganarka gaskiya ce. Idan ruwan shuka ya sauka filin nan yana yadda yake, za a sa masa garma, a raba wa waɗanda ba su da gona. Ba ni na karya maganar iyaye ba, ita ta saki kanta."

Kowa ya san filin da aka yi wa huɗa sau ɗaya ba ya komawa fili.

Bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa gira, sai Ja'afaru mai gwanjo ya kwance wata dila da ya saro, ya tarar da ƙwallo a tsakiyar riguna marasa hannu. Ja ce, ta fata mai kauri, a sace, ba iska. Ya aika wa Sabo da murna. Da aka hura ta sai murna ta koma ciki: maimakon ta zagaye, sai ta miƙe, ta yi tsini gaba da baya.

Bayanin da kowa ya yarda da shi nan take shi ne, matsin dila ne ya lanƙwasa ta a cikin jirgin ruwa. Duk wanda ya taɓa sayen takalmin gwanjo ya san yadda yake fitowa a murɗe, sai an jiƙa an cusa masa tsumma ya dawo daidai. Haka suka yi mata. Suka jiƙa ta a ruwan ɗumi, suka shafe ta da man gyaɗa, suka tsayar da ita a kan tsininta suka kifa mata turmi, wani ƙato ya zauna a kai. Da aka ɗaga turmin, ta fito yadda ta shiga. Inna Kaltume ta leƙo ta ce, "Wannan ai gwanda ce. Ku bari ta nuna mu sha." Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Sai suka kawo ta rumfa. Ina zaune.

"Baba Dabo, farke ta za ka yi, ka rage tsinin, ka mai da ita ƙwallo," in ji Sabo.

Baba Dabo ya karɓe ta, ya juya, ya bi ɗinkin da babban yatsa daga wannan tsini zuwa wancan. Ya shinshina fatar. Ya daɗe yana kallon wani ɗan hoto da ya kusa gogewa a jikinta, wata dabba mai kama da zomo, tsaye da ƙafa biyu, da jela mai kauri.

"Ba zan yanka ba," ya ce.

"Saboda me?"

"Wanda ya ɗinka wannan bai yi kuskure ba. Ƙyalle huɗu ne, kowanne an yanke shi da tsininsa. Robar ciki ma haka za ta kasance, doguwa. In na farke, ba ku da mai tsini, ba ku da zagayayya."

"To mu yi yaya da ita? Mu dafa?"

"A wani gari akwai mutanen da ke fita kallonta. Ku nemo yadda suke yi."

Sabo mutum ne mai ladabi, amma ranar ya faɗi abin da daga baya ya zo ya nemi gafara a kai. Ya ce wanda bai taɓa taka fili ba ba zai san zafin rasa shi ba. Baba Dabo ya sa gwandar a ƙarƙashin cinyarsa, ya ci gaba da ɗinkin takalmin da ke hannunsa. Kwanakin da suka biyo baya samari suka daina gaishe shi. Wasu suka ce Khalilu ne ya saye shi. Hadari kuwa kullum sai ya taso da yamma, ya yi ruri, ya watse.

Kai ne ka zauna da wannan zargi, Baba Dabo, wuƙa tana gabanka, yankan bai fi na ɗan lokaci ba, kuma da ka yanka ba mai ganin laifinka ko da ta lalace. Ka zaɓi a ji haushinka da ƙwallo a raye.

Ranar kasuwar Ɗanbatta Baba Dabo ya ba Ja'afaru ita, ya ce ya kai wa masu caji da tura fina-finai a waya, ya nuna musu hoton dabbar. Ja'afaru ya ce da farko wani wasa suka nuna masa na mutane masu hular kwano, ya ce a'a, rigunan dilarsa ba su da hannu. Sai dabbar ta raba gardama. Ƙasar Ostareliya ce. Suka tura masa wasa guda cikakke.

Da yamma aka taru a rumfa, aka jingina wayar a jikin famfo. Tun rufe gidan kallo ba a ga taro irin wannan ba. Ba wanda ke jin abin da mai sharhi ke faɗa, don haka kowa ya zama mai sharhin kansa.

Tsofaffin 'yan gidan kallo suka fara da raini. "Wannan ai wawaso ne. Ga hannu, ga ƙafa, ga runguma. Ina alƙalin?"

"Ga shi can, shi ma ƙwallon yake dukan ƙasa da ita."

"Ba gola, ba raga. Ko satar gida babu. Wasan marasa doka."

Dattawan da suka yi zamanin dambe kuwa suka matso. Da wani dogo ya taka kafaɗar abokin karawarsa ya cafe ƙwallon a sama, wani tsoho ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yanzu na ga maza. Ba irin naku ba, a taɓa mutum ya faɗi yana birgima kamar an sa masa barkono."

Sanduna huɗu ne a kowane gefe, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a waje. An daɗe ana musu kafin a gane cewa in ta bi tsakiya maki shida ne, in ta kauce ta bi gefe maki ɗaya. Samari suka yi ta dariya, wai ana ba mutum lada don ya ɓarar. Inna Kaltume ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Waɗannan sun san duniya. Ka yi ƙoƙari ka kusa, a ba ka ɗan wani abu ka riƙe. Mu nan in ka kauce ko sannu babu."

Baba Dabo bai ce komai a kan 'yan wasan ba. Duk lokacin da hoto ya juya kan 'yan kallo, sai ya matso da fuska. Ya nuna wata tsohuwa da ta naɗe wuya da ƙyalle mai launin ƙungiyarta, tana ihu har jijiyar wuyanta ta fito, kusa da ita kuma wani mai launin abokan gaba yana cin abincinsa hankali kwance. "Ku duba," ya ce, "kujera ɗaya suke, ba wanda ya fasa wa wani kai." Can kuma ya ce wa Ja'afaru, "Mai da shi baya kaɗan. Wurin da aka nuno filin daga sama."

Aka mayar. Ya kalla, ya ce a sake.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin fili, bakin fili yake fara gani. Mu duka muna kallon tsakiya. Shi ya lura cewa filin nasu ba shi da kusurwa. Yadda ƙwallon take, haka filin yake, kamar ƙwai.

Washegari da hantsi ya tuƙa kekensa har ƙofar Mai Unguwa, ya aika aka kira Khalilu da Sabo. Ya zo da wani ƙyallen fata mai kusurwa huɗu. Mai Unguwa da kansa ya ba ni labarin. Ya ce Dabo ya gaishe shi, ya shimfiɗa fatar a ƙasa, ya zare wuƙa ya yanke tsakiyarta ƙwai guda, ya ɗaga. Kusurwoyi huɗu suka rage a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a sana'armu ba a zubar da waɗannan. Da su ake yin maɗaurin takalmi."

Ya tura ƙwan gaban Sabo, ya tattara kusurwoyin ya tura gaban Khalilu.

Khalilu ya ce, "Baba, wannan ai kaɗan ne."

"Kaɗan ne. Amma ƙasar ba ta taɓa ganin shuka ba, ga kashin awaki na rani guda. Ba ka bukatar takin kanti."

Sabo ya ce, "Mu kuma a matse mu ke nan."

"A matse ku. Wa ya taɓa cin ƙwallo daga can lungun, in ba a bugun kwana ba? Wannan wasan ba shi da kwana."

Mai Unguwa ya ce ya dubi fatar nan ya rasa ta inda zai ƙi. Abu ɗaya ya tambaya: maganar iyaye ta ce muddin ana wasa, to wa ya iya wannan wasan? Baba Dabo ya ce, "Ba su ce muddin an iya ba."

Da la'asar aka ja layin. Ba igiya, ba ma'auni. Baba Dabo ya hau kekensa, Sabo yana tura shi saboda yashi, ya zagaye filin yana karkata kan keken yadda yake karkata wuƙa a kan fata. Sawun tayarsa shi ne iyaka. Mata suka fito da toka a kwando aka bi sawun da ita. Aka saro sandunan itacen turare takwas aka kafa.

Wasan farko ba abin da za a yi alfahari da shi ba ne. Gwanda in ta faɗi ƙasa ba ta da alƙibla, ka bi ta dama ta yi hagu. Manyan 'yan wasan garin suka yi ta cafkar iska. Mutane suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba, har da waɗanda suka fito da yunwa. Wani ya gwada taka kafaɗar wansa, suka zube tare, wan ya tashi ya bi shi da gudu har bayan masallaci. Amma an yi wasa, Mai Unguwa yana zaune yana gani. Da ruwan shuka ya sauka, garma ta shiga kusurwa huɗu ta tsaya a bakin toka. Gida huɗu suka samu, na Khalilu a ciki.

Ba zan ce kusurwar ta fitar da su daga wahala ba. Gero ne da wake da ya kai su wani wuri a cikin shekara, sauran suka nema a wani gun. Ba kuma zan ce kowa ya so sabon wasan ba. Har yau akwai masu cewa ba ƙwallo ba ce, kuma da aka sami zagayayya daga baya sun koma abinsu, a tsakiyar ƙwan, ranakun da aka ware musu. Abin da muke bugawa ma, in mutanen Ostareliya suka gani, ban tabbata za su gane shi ba. Rabinsa kokawa ce.

Doka ɗaya ce tamu ta kanmu, Baba Dabo ne ya kafa ta da gero ya fara tsawo: in gwanda ta faɗa cikin shuka, ba ɗan wasan da zai tsallaka toka, mai gonar ne kaɗai zai shiga ya ɗauko. Don a tsare amfanin gona aka yi ta. Sai ya zama dole masu kusurwa su halarci kowane wasa, kowa a bakin gonarsa. Mutum kuwa ba ya tsayuwa yana kallon abu damina guda bai zaɓi ɓangare ba. Yanzu duk filin ba mai baki kamar Khalilu. An taɓa jin sa yana gaya wa Sabo, "Kai da wannan ƙafar taka gara ka dawo mu yi noma," Sabo ya ce masa ya fito da ƙwallon mutane daga cikin wake tukuna.

Kai ne mai goyon bayan wadda ake duka, Baba Dabo. Kai ne ka duba ɗinkin baƙo ka ba shi gaskiyarsa, alhali ba ka san sunansa ba, ba kuma zai taɓa sanin naka ba. Ba ka zura ƙwallo ko ɗaya ba, amma duk wadda aka zura a filin nan daga wannan shekara, a cikin sawun kekenka aka zura ta. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa ka gama lafiya.

Masu karatu, kowane gari yana da irinsa, wani a bakin fili, wani a bakin rijiya ko kasuwa. Ku neme su ku gaishe su tun suna amsawa. Idan kuma aka kawo muku abin da bai yi kama da wanda kuka saba ba, a ce ku gyara, ku juya shi tukuna ku dubi ɗinkin kafin ku ɗauki wuƙa.

Basillar tana hannun Sabo yanzu, gwiwa ta hana shi gudu. Baba Dabo yana nan a kan buzunsa kowace la'asar, ba ya ganin sanduna, sai dai ya karkata kunne. Makon jiya ana tsakiyar wasa ya ɗaga hannu ya ce a tsaya, ƙarar bugun ta canja, ɗinki ya saki a wajen tsini. Khalilu ne ya fito da ita daga cikin karan gero, ya miƙa wa Sabo. Sabo ya juya ta, ya sami wurin, ya zare zare.

Inna Kaltume ta ce, "Makaho ya fi ku gani."

"Juya awararki," in ji Baba Dabo. "Ita ma na ji ta fara ƙonewa."